Kuɗin kiɗa a shekarar korona

A Kara, kasuwar dabbobi ta Sakkwato, na ga Baba mai kalangu, wata rana cikin Oktoban 2020, yana riƙe wa wani dillali igiyar awaki. Ni kuma tunkiyar matata na kai sayarwa, don makarantar kuɗin da nake koyarwa ta kwashe watanni ba ta ba mu ko sisi ba. Da ya hango ni sai ya kau da fuska, ni ma na duƙa ina duba haƙoran wani rago da ba ni da kuɗin saye. Kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Mahaifina mahauci ne, kalangu kuwa kiɗan mahauta ne, don haka tun ina rarrafe na san mutumin nan. Shi ya yi kiɗi ranar sunana, shi ya yi na aurena. Makaɗi irin Baba ba ya da albashi, ba ya da shago. Gonarsa ita ce taron mutane: biki, suna, naɗin sarauta, dambe, kokowa, tarbar alhazai. Korona ta zo ta share wannan gona kaf. Tun daga Maris aka rufe makarantu aka hana taro, daga baya aka hana ƙetare jiha zuwa jiha har zuwa farkon Yuli, aikin Hajjin shekarar ma ba wanda ya tafi daga nan. Ƙauyukan gabas da yake zagayawa bayan kaka, wajen Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni, 'yan bindiga sun riga sun sa hanyarsu ta zama sai da addu'a. Aure kuwa ba a daina ba, sai dai a ɗaura a watse. Kuma in za a faɗi gaskiya, magidanta da yawa daɗi suka ji. Sun samu hujjar aurar da ɗiya ba tare da makaɗi ya tsaya musu a ƙofar gida ba, har bayan an sassauta doka suka ci gaba da fakewa da ita.

Da daddare na ba da labarin a majalisarmu, gindin dogonyaron da ke bakin masallacin shiya. Sai ga shi kowa da nasa. Mai goge ya koma tura baro. Makaɗin dundufar maƙera ya jinginar da lasifikarsa. Matan da ke kiɗan ƙwarya sun koma surfe da wankau. Wani tela a cikinmu ya ce mu haɗa musu sadaka, sai babban yayanmu a majalisar, direban tanka da ya yi ritaya, ya ce mutumin da ya kau da fuska a Kara ba zai karɓi sadaka daga yaran da ya yi wa kiɗin suna ba. Ya ce mu shirya wasa, su yi sana'arsu, a biya su. Nan take aka kafa kwamitin mutum tara, aka ce ni ne ma'aji, wai don ni ke koyar da lissafi. Ban ƙi ba. Da na san abin da ke gaba da na ce makogwarona na ciwo.

Kasafin farko da na rubuta ya kai naira miliyan ɗaya da dubu ɗari da hamsin. Yanzu in na duba shi dariya nake. Akwai dandamali, akwai fitilu masu launi, akwai riguna masu tambari, akwai shinkafa da nama na manyan baƙi, har da kuɗin sanarwa a rediyo na mako biyu. Abin da ke hannunmu a ranar kuwa karo-karon kwamiti ne, dubu biyar-biyar, dubu 45 ke nan, ciki har da na mutum biyu da suka ce a rubuta za su kawo. Mun sa rana ƙarshen Janairun 2021, lokacin sanyi, kafin zafin Sakkwato ya fara gasa mutane.

Wurin da kowa ke fara zuwa muka fara zuwa, gidan ɗan siyasa. Sau huɗu muna zaman zaure. A na huɗun ya fito, ya saurare mu da fara'a, ya ce wannan ai raya al'ada ne, ya yi alkawarin dubu 300. Muna fita yaronsa ya biyo mu da sauran bayani: hoton mai gida zai hau bayan dandamali, kowane makaɗi zai yi masa waƙa ɗaya, kuma akwai wani makaɗi da ba a son gani a wurin don ya taɓa yi wa abokin hamayya waƙa. Mun kwana uku muna gardama a kwamiti. Ni ina cikin masu cewa a karɓa, ba zan ɓoye ba, don ni ke riƙe da littafi, ni na san ramin da ke ciki. Ashe wahalar banza muka yi. Kafin mu gama gardamar waya ta daina shiga, yaron ma in ya gan mu sai ya sauya hanya.

Sai wani ƙanenmu da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya kawo labarin wata ƙungiya ta ƙasar waje da ke tallafa wa masu fasaha da annoba ta durƙusar. Na kwana biyu ina cika fom a waya, data na ƙarewa ina sake saye. Suna son takardar rajistar ƙungiya, da asusun banki da sunan ƙungiya, da rahoton kuɗi na shekara biyu wanda akanta ya sa wa hannu. Mu kuwa abin da muka mallaka littafin makaranta ne mai shafi 60 da biro ja da shuɗi. Akwai wurin da aka ce a saka adireshin intanet inda za a ga ayyukan mai fasahar. Na tuna Baba da igiyar awaki, na rufe wayar. Haka ma da aka yi ta maganar tallafin dubu talatin-talatin na masu sana'ar hannu, mun yi ƙoƙarin cusa makaɗanmu, sai muka tarar uku daga cikinsu ba su ma da asusun banki balle lambar tantancewa ta banki, BVN.

Kuɗin farko na kirki daga cikin gida ya fito. Inna, uwar adashin shiyarmu, ta aiko a kira ni. Na same ta tana tankaɗe, na durƙusa na gaishe ta. Mata 32 ne a adashinta, kowace na zuba naira 500 duk Juma'a, kwasa ɗaya dubu 16. Ta ce sun yi shawara za su ba da kwasa biyu, kowa ta haƙura a ɗaga mata mako biyu. Amma da sharaɗi. Ta ce in dai wasan maza ne a fili su leƙo ta katanga, to kada in sake taka mata gida. Yini guda cur na mata ne, cikin gida, da ƙwarya da shantu, kuma masu kiɗan a biya su daidai da maza. Na ce sai na shaida wa kwamiti. Ta ce in shaida musu, kuɗin dai na ƙarƙashin katifarta har in dawo da amsa. Ba wanda ya yi musu a kwamiti, dubu 32 ba abin musu ba ne.

Muka buɗe zauren WhatsApp na 'yan shiya da ke nesa, masu sayar da albasa a Legas, masu canji a Abuja, masu nama a Fatakwal, da mutum ɗaya a Saudiyya. Na saka kasafi, na saka lambar asusuna, na rubuta dogon bayani a kan muhimmancin al'ada. Addu'a ta zubo kamar ruwan Agusta. Allah ya taimaka, Allah ya ba da lada, hoton hannu biyu a ɗage. A mako shida abin da ya shigo dubu 61 ne. Kuma duk wanda ya turo dubu goma ko fiye sai an cire naira 50 ta haraji, ga kuɗin saƙon waya, ga na mai POS in zan cira. Ƙananan abubuwa ne, amma ma'aji da kuɗin jama'a a asusunsa na kansa, naira 50 ma in ta ɓace sai ya yi bayaninta. Matata ta ce tun da na karɓi littafin nan ban sake barci mai nauyi ba.

Babban abin da muka jingina da shi 'yan kasuwar shiyarmu ne. Mutum goma sha ɗaya masu shaguna a babbar kasuwa, masu atamfa da masu takalma da masu kayan masarufi, suka yi alkawarin dubu 180 a tsakaninsu. Su ma ba daɗi suke ji ba, don tun Agustan 2019 aka rufe kan iyaka, ciniki da mutanen Ƙonni ta Nijar ya tsaya. Da aka buɗe iyakar Illela a tsakiyar Disamba suka ce mu ba su wata guda kasuwa ta motsa. Muka ba su. A daidai lokacin kuma cutar ta sake tasowa karo na biyu, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na fitar da alƙaluma kowane dare suna hawa, ma'aikacin lafiyar da ke kwamitinmu ya fara cewa a sake tunani.

Ranar Talata 19 ga Janairu da safe ina aji na ga yara sun taru a taga. Hayaƙi ne baƙi ƙirin ya tokare sama ta wajen kasuwa. Kafin azahar kowa ya ji, babbar kasuwar Sakkwato ta kama da wuta. Bakwai daga cikin mutanenmu goma sha ɗaya ba su fitar da ko tsinke ba. Da yamma muka bi su gida-gida muna jaje, littafin na aljihuna da sunayensu da abin da kowa ya yi alkawari, yana ƙona ni kamar garwashi. Wa zai buɗe baki ya yi maganar kiɗa? Daga baya huɗun da wuta ba ta kai gare su ba suka haɗa dubu 35 suka aiko, ba tare da mun tambaya ba. Bayan mako guda kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kariya daga korona: takunkumi dole a wurin taro, tazarar mita biyu, kada a haura mutum 50 a rufaffen wuri in ba na ibada ba, wanda ya karya tara ko ɗaurin wata shida. Mai unguwa ya aiko cewa shi ba zai je gaban hakimi da maganar taron ɗaruruwan mutane ba.

Na zauna na tara abin da ke hannu: dubu 173. Rabin kwamiti suka ce a raba wa makaɗan a huta. Aka ce ni in je in sanar da Baba, tun da shi ne babbansu, cewa ladan da muka yi niyya ya ragu, in zai yarda da dubu goma sha biyar ya dangwala hannu a takarda. Har takardar na rubuta, da wurin sa hannun shaida.

Na same shi a zaure bayan la'asar. Kalangun na rataye a ƙusa, ƙura ta rufe shi, ɓera ya cinye tsarkiya wajen guda biyar, tantanin gefe ɗaya ya tsage. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na miƙa takardar. Ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ajiye kan tabarma ya danne da butarsa.

"Malam, mi kaka son in yi da wagga takarda?"

Na ce yarjejeniya ce, Baba, don kowa ya san haƙƙinsa.

"Ni ba lebura na ba. Tun da anka haihe ni ba a taɓa cinikin kiɗina ba. Ubanka bai taɓa ce mani nawa zan biya ka ba. In na kiɗa mai takenai, abin da Allah Ya hore mai shi ka ba ni." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Su wa sunka ba da kuɗɗin?"

Na ce jama'a ne, 'yan shiya.

"Jama'a ba ta da suna? Kawo mani sunayensu, da na uwayensu, da sana'ar gidansu. Wanda duk yab ba da, in kira shi. In ba haka ba, ku riƙe abinku."

A hanyar gida haushi nake ji, na ɗauka girman kai ne na tsoho. Sai da na kwanta abin ya faɗo mini. Wata uku ina roƙon mutane su ba da kuɗi don kujera da janareta da raya al'ada, alhali ba Bahaushen da ya taɓa yi wa kujera liƙi. Mutum na ba makaɗi ne don a kira shi a gaban jama'a, a tuna wa duniya ɗan wane ne shi, jikan wane. Haka abin yake tun daga fada, inda irin su Salihu Jankiɗi suka yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku kiɗi, har zuwa dandalin dambe. Ajo ma da iyayenmu ke yi in wani ya shiga matsi, ai haka ne: a kira makaɗi, a kira abokai, kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa a faɗi sunansa. Ni da karatun bokona na ɗauko fom da kasafi, na bar hanyar da ke ƙofar gidanmu.

Washegari na goge dogon bayanin nan na zauren WhatsApp. Na koma wurin Baba da waya, na ce ya kira mini mutum ɗaya don gwaji, wani mai albasa a Legas da ya turo dubu biyu tun Disamba. Kalangu ba lafiya, sai ya jawo wani tsohon kwano ya kifa yana bugawa da yatsu, ya kira yaron, ya kira ubansa, ya kira kakansa da rijiyar da ya gina a bakin shiya wadda ni ban ma san shi ya gina ta ba. Daƙiƙa arba'in. Na tura a zaure ban ƙara ko kalma ba sai cewa duk wanda ya ba da gudummawa, komai ƙanƙantarta, za a kira shi ranar wasa, kuma a tura masa. Kafin isha'i mai albasar ya kira ni muryarsa na rawa, ya ƙara dubu goma. Kafin in kwanta saƙon banki ya shigo sau goma sha tara.

Mun yi gardama a kan ko a sa farashi. Telan ya ce a yi mataki-mataki, mai dubu ɗaya suna kawai, mai dubu biyar da kirari. Baba ya ji labari ya aiko cewa in aka sa farashi ba ya zuwa. Aka bar shi a buɗe, kuma ina ganin shi ya fi mu gaskiya ko ta fuskar lissafi, don masu hali kunya ta sa sun ba da fiye da abin da za mu yanka musu, marasa hali kuma ba a kore su ba. Akwai mai dubu ashirin, akwai mai ɗari biyu. Abin da ban zata ba shi ne yawan waɗanda suka ce ba su za a kira ba, mamatansu za a kira. Mun binne dattawa da dama a shiyar nan tun daga azumin 2020, wasu an yi jana'izarsu cikin sauri, 'ya'yansu na Kudu hanya a rufe ba su samu zuwa ba. Wani ya rubuto mini daga Fatakwal cewa ko zaman makoki bai samu ba, a kira masa tsohonsa sau ɗaya ya ji. A mako biyar sunaye 214 suka taru, kuɗinsu dubu 236. Jimilla dubu 409.

Saura izini. Sakkwato garin malamai ne, ba a kafa ganga kusa da masallaci a ce ba a sani ba. Muka je wurin liman da goro. Bai ce kiɗa halal ne ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Ya ce kada a cakuɗa maza da mata, kada a yi zambo ko batsa, kuma da an yi kiran salla a ajiye makaɗi. Da ya ji za a ambaci mamata sai ya ce to a buɗe da addu'a gare su, shi zai aiko na'ibinsa. Mai unguwa kuma muka kai masa sabon tsari: ba dandamali, ba babban taro. Yamma uku, daga bayan la'asar zuwa magariba, biyu a fili a buɗe, ɗaya ta mata a tsakar gidan Inna. Tabarmi da kujeru a warwatse, lasifika biyu a kan soro don mutane su saurara daga ƙofar gidajensu. Ya ce haka zai iya kai wa hakimi. Muka sa rana cikin Maris, kafin azumi ya kama a tsakiyar Afrilu.

Dubu 240 muka ware wa ƙungiyoyin makaɗa shida, dubu arba'in-arba'in, na mata biyu a ciki kamar yadda Inna ta gindaya. Ba mu kira shi lada ba. A ambulan muka sa, dattawa biyu suka kai wa kowa gida da dare a matsayin gaisuwa, ba takarda ba dangwale, ni dai na rubuta a littafina. Dubu 18 ta tafi gyaran kayan kiɗa tun kafin ranar, sabon tantani da tsarkiya na kalangu, da izgar goge, da fanso lasifikar mai dundufa. Hayar lasifika da janareta ta ci dubu 45, mai lita talatin wajen dubu biyar don lita na kusan naira 165 a lokacin, rumfa da kujeru da tabarmi dubu 24. Telanmu ya ɗinka takunkumi 300 da ragowar yadi a kan naira saba'in-saba'in, kuɗin zare da na yaransa kawai. Sauran ya tafi a bokitai masu famfo da sabulu, da ruwan leda, da 'yan sintiri, da yaron da ya ɗauki bidiyo ya yanka shi suna-suna.

Rigima mafi zafi a kan liƙi aka yi ta. Ma'aikacin lafiyarmu ya ce ba zai lamunci mutane su yi cincirindo suna manna kuɗi a goshin tsoho mai shekara saba'in da wani abu ba. Da yawa a shiya ba su ma yarda akwai cutar ba, suna cewa ta masu hawa jirgi ce, amma shi ya ga abin da ya gani a wurin aiki, bai sassauta ba. Aka kifa turmi nesa da makaɗa, aka ɗora ƙwarya a kai, mai son kari ya je ya jefa ya koma. Abin da ya shiga ƙwarya na makaɗa ne, ba ya bi ta hannuna.

Ranar farko tsarin ya yi aiki kamar minti arba'in. Zafi ya haura arba'in a ma'auni, takunkumi ya koma haɓa, daga haɓa ya koma aljihu. Baba ya fito da babbar riga da ban san yana da ita ba, ya rataya kalangu, yaronsa na biye da kurkutu, ni ina gefe da takarda ina raɗa wa sanƙira suna, shi yana ɗagawa, Baba na ɗorawa. Sau da yawa kafin in gama faɗin sunan uba ya riga ni, har ya ƙara da na kaka. Da aka zo kan wani dattijon maƙeri da ya rasu a azumin bara, ɗansa ya miƙe daga kujera, ya wuce turmi ya wuce ƙwarya kamar bai gan su ba, ya manna wa Baba ɗari biyar a goshi yana hawaye. Ma'aikacin lafiya ya dube ni, na dubi ƙasa. Daga nan sai muka koma roƙon a riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, shi kuma ya tsaya kusa da Baba da kwalbar man wanke hannu kamar dogari. Ba zan ce mun kiyaye doka yadda muka yi wa mai unguwa alkawari ba. Allah dai Ya rufa asiri, makonnin da suka biyo baya ba mu ji wanda ya kwanta ba, amma na san sa'a ce ba dabararmu ba.

Na mata ban gani ba, sai abin da ya tsallako katanga da abin da matata ta ba ni labari. Ta ce ƙwaryarsu ta fi tamu cika nesa ba kusa ba.

Juma'ar da ta biyo baya na karanta lissafi a gindin dogonyaro, tun daga dubu 45 ta farko har zuwa naira hamsin-hamsin ɗin banki. An kashe dubu 408 da 'yan kai, abin da ya rage bai kai dubu ɗaya ba. Wani ya tambayi dalilin da ruwan leda ya kai dubu takwas, na fito da rasit. Aka yi fatiha, na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Ina shiga gida na tarar da yarinya tana jira, ta ce kakarta na kira. Tsohuwa ce mai sayar da ƙuli-ƙuli a ƙarshen lungu. Ta ba da naira 200 tun Fabrairu a kira mijinta, wani mai gyaran keke da ya rasu bara. Ta ce yini uku tana zaune bakin ƙofa tana sauraren lasifika, har aka tashi ba ta ji shi ba. Ba faɗa ta yi ba, tambaya take ko kuɗin ne bai kai ba. Na buɗe littafi a gabanta. Ga sunan nan, na 137, da jan biro. Wajen kwafewa zuwa takardar sanƙira na tsallake layin. Na ce zan mayar mata da kuɗinta, ta ce ita ba kuɗi ta ba ni ajiya ba.

Da kunya na je na faɗa wa Baba. Bai ce mini komai ba sai "Awo." Washegari da hantsi ina shirin fita na ji kalangu a lungu. Na fito na bi sauti. Shi kaɗai ne, ba yaro ba sanƙira, tsaye a ƙofar tsohuwar cikin rana, yana kiran mai gyaran keke da sunansa da na ubansa da garin da suka taso kafin su zo birni. Yara suka taru, mata suka leƙo. Ya fi minti goma, abin da ko mai dubu ashirin bai samu ba. Tsohuwar ta fito da lulluɓi, ta kwance bakin zanenta, ta ciro wata ɗari biyu da ta nannaɗe, ta sa masa a aljihun riga.

Ni kuma saboda sabo har na zaro biro ina laluben shafi. Baba ya dube ni ta gefen ido, kalangu na hammatarsa, ya ce, "Wanga ba na littahinka na ba, Malam."